Kayan Aro: Yadda Mai Babur Ya Samu Rigar Sanyinsa

A farkon shekarar 1956 wani ɗan jarida Bajamushe mai rubutu a kan babura, Ernst Leverkus, ya yi shela cewa duk mai babur ƙirar Zündapp KS 601 ya fito su haɗu a kusa da birnin Stuttgart. A tsakiyar sanyi ya kira taron, lokacin da mai hankali ke kulle babur ɗinsa a ɗaki ya jira dusar ƙanƙara ta narke. Babur ɗin ƙato ne, kore, mai akwatin fasinja a gefe, ana yi masa kirari da Koriyar Giwa, shi ya sa har yau ake kiran haɗuwar Taron Giwaye. 'Yan tsiraru ne suka amsa kiran farko. Taron ya yi ta ƙaura, ya daɗe a filin tsere na Nürburgring, sannan daga 1989 ya zauna a wani kwari cikin dajin Bavaria, kusa da ƙauyen Thurmansbang. Yanzu dubban mutane ne ke zuwa daga sassan Turai a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, su kafa tanti a kan ƙanƙara, su shimfiɗa busasshiyar ciyawa, su hura wuta su kwana.

Wanda ya tsaya a bakin ƙofar wurin yana kallon masu shigowa zai ga tarihin shekara ɗari a jikinsu. Ga wani cikin tsohuwar rigar soja mai kaiwa har ƙwauri. Ga wani cikin buzun tunkiya irin na matuƙan jiragen yaƙi. Ga mai baƙar rigar auduga da ta sha kaki har tana ƙyalli, ga kuma wanda kafin ya sauka sai ya zare wata 'yar waya da ta haɗa rigarsa da batirin babur. Babu ɗaya daga cikin dabarun nan da aka fara ƙirƙira domin mai babur. Wata daga masunta aka aro ta, wata daga sojan sama, wata daga masu hawan duwatsu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma haka aka yi ta gani: kowace riga aka aro, sai ta toshe wata kafa ta bar wata a buɗe.

Matsalar mai babur daban take da ta sauran masu fama da sanyi. Manomi ko mai saran itace yana motsi, jikinsa na ta haifar da zafi. Mai babur zaune yake cik, awa biyu, awa uku, iska na dukan ƙirjinsa daidai gudun da yake yi. Jikin mutum kullum yana ɗumama 'yar siririyar iskar da ke manne da fatarsa. Iska mai gudu ta share ta, jiki ya ɗumama wata, a sake sharewa, har ƙarfinsa ya ƙare. Wasu Amurkawa biyu, Paul Siple da Charles Passel, sun auna wannan a yankin ƙanƙara na Antaktika a wajajen 1940. Sukan rataye 'yar gorar roba cike da ruwa a waje, su duba tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya daskare, yau da iska mai ƙarfi, gobe da mai sauƙi. An buga sakamakon a 1945. Da lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada ke aiki da shi tun 2001, idan ma'auni ya nuna digiri 10, wanda ke gudun kilomita 100 a awa zai ji kamar digiri 4 ne. Idan ma'auni na kan sifili, zai ji kamar digiri 11 ƙasa da sifili. In kuma rigar ta jiƙe, abin ya ƙara lalacewa, domin ruwa na janye zafi daga jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Tun kafin zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, inda likitoci ke cewa an shiga haɗari, yatsu sun riga sun sandare, ba sa jin birki ko kulochi, hankali kuma ya fara nauyi.

Babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, Hildebrand & Wolfmüller, ya fito a Munich a 1894, kuma mahayan farko da kayan hawan doki suka fara: kwat ta ulu mai kauri, dogon takalmi, hula. Ulu na da ɗumi, amma iska na ratsa saƙarsa. Maganin da talaka ya samo shi ne jarida. A ninke ta gida biyu ko uku, a cusa tsakanin riga da ƙirji. Takarda ba ta barin iska ta wuce, kuma tsakanin shafukanta akwai iskar da ba ta motsi, wadda ita ce ke riƙe ɗumi. Masu tseren keke na Tour de France sun yi shekara da shekaru suna karɓar jarida daga hannun 'yan kallo a kan tsauni, su cusa a ƙirji kafin su gangaro. Kusan duk abin da masana'antu suka yi daga baya ƙoƙari ne na yin aikin jaridar nan da abin da ba zai jiƙe ya dagargaje ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da hawan babur aikin dole a kowane yanayi. Sojan Birtaniya da na ƙawayenta sun karɓi babura ƙirar Triumph Model H kusan 30,000, 'yan saƙo na kai takardu tsakanin sansanoni cikin taɓo da ruwan sama na Faransa da Beljiyam. Ba zancen jiran rana ta fito. A yaƙi na biyu Jamusawa sun ba nasu 'yan saƙon doguwar riga mai shafen roba, wadda ake naɗe gindinta a ƙafafu a ɓalla maɓalli ta zama wando. Roba a jikin tufa tsohuwar dabara ce, tun 1823 Charles Macintosh na Glasgow ya yi mata rajista. Tana hana ruwan sama shiga, tana kuma hana gumi fita. Mutum ya wuni a cikinta, da yamma ya tuɓe ya tarar da kayan cikinsa sharkaf, alhali ko ɗigon ruwan sama bai taɓa su ba.

Aro mafi albarka daga bakin teku ya zo. Tun da daɗewa ma'aikatan jiragen ruwa na Scotland ke shafe zanen jirgi mai kama iska da mai, ragowar ƙyallayen kuma su ɗinka su yafa. Man da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron lilin suke amfani da shi. Aibinsa biyu ne: yana mai da tufa ruwan ɗorawa, kuma in sanyi ya tsananta sai ta ƙage ta yi tauri har ta tsage a lanƙwasa. A 1894, shekarar da babur ɗin Munich ya fito, wani mutumin Scotland mai suna John Barbour ya buɗe kanti a South Shields, tashar jiragen ruwa a bakin kogin Tyne a arewa maso gabashin Ingila, yana sayar wa masunta da 'yan dako da matuƙan jirgi irin waɗannan riguna. A wajajen 1930 masana'antun saƙa da rini na Birtaniya, ciki har da British Millerain, suka gano yadda za a ratsa zaren auduga da kakin farafin, wanda ake samu daga man fetur. Tufar ta fito da laushi, ba ta ƙagewa a sanyi, ruwa na gangarewa a kanta, kuma tana ɗan barin jiki ya sha iska.

Jikan John, Duncan Barbour, mayen babur ne. A 1936 kamfanin ya fitar da kayan hawa na auduga mai kaki, riga haɗe da wando, aka sa musu suna International saboda gasar kwana shida ta ƙasa da ƙasa da ake yi tun 1913, inda mahaya ke ratsa duwatsu da rafuka da laka, kowa kuma shi ke gyara babur ɗinsa da hannunsa. Kusan kowace tawagar Birtaniya da kayan Barbour ta shiga gasar har zuwa 1977. Ɗan fim Steve McQueen ma su ya sa a gasar 1964 a Jamus ta Gabas, cikin tawagar Amurka.

Ana nan sai aron ya juya. A kusa da farkon Yaƙin Duniya na Biyu, kwamandan wani jirgin yaƙi mai nutso na Birtaniya, HMS Ursula, mai suna George Phillips, ya gaji da rigunan ruwan da ake ba mutanensa. Ya lura wani hafsansa mai son babur yana tsayuwar gadi cikin kayan Barbour ba ya jiƙewa. Phillips ya je wa kamfanin da kansa, ya sa aka raba kayan gida biyu, riga daban wando daban, ya biya da kuɗin aljihunsa. Daga baya rundunar ta mai da su kayan aikin ma'aikatan jiragen nutso. Wato abin da mai babur ya aro daga teku, mutanen teku suka sake ara, suka gyara, suka maido masa: rigar International mai zaman kanta da aka sani bayan yaƙi daga wannan rabawar ta samo fasali.

Abokin hamayyar Barbour shi ne Belstaff, wanda Eli Belovitch da surukinsa Harry Grosberg suka kafa a 1924 a Longton, cikin yankin Stoke-on-Trent. Rigarsu Trialmaster ta fito a 1948. Rigunan biyu sun yi kama ƙwarai, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ta a hannu zai ga babu ɗinkin da aka yi don ado. Tsawonta ya wuce ƙugu, don in mutum ya sunkuya ya kama kan babur kada bayansa ya buɗe. Akwai ɗamara a tsakiya, wadda ke hana iska shiga ta ƙasa ta kumbura rigar. Wuyanta tsaye yake, da ɗan madauri mai ƙarfe da ake ja a maƙogwaro, an yi masa shafi da ƙyalle mai laushi don kada ya goge fata. Bakin hannu na da maɓalli da ake tsukewa kafin a zura shi cikin safar hannu. Zif ɗin gaba an rufe shi da marfi mai maɓallai, saboda tsakanin haƙoran zif iska da ruwa ke samun hanya. Aljihu huɗu ne manya masu marfi. A rigar Barbour na ƙirjin hagu a karkace yake, domin mahayi ya zura hannun dama ya zaro taswira yana tafe.

Sai dai ita kanta ba ta da ɗumi, ɗumin na suwaitar ulu da ke ƙasa ne. Tana da nauyi, tana da wari, tana kwasar ƙura da baƙin mai, kuma duk kujerar da aka jingina da ita sai ta bar mata tabo. Kakin na gogewa a kafaɗa da gwiwar hannu, don haka kusan kowace shekara sai a narka gwangwanin kaki a ruwan zafi, a bi rigar da tsumma lungu-lungu, musamman kan ɗinki. Ba a wanke ta da sabulu. In kuma aka faɗi a kwalta da gudu, auduga ba ta daɗewa.

A nan fata ta shigo, kuma a nan ne suna ya fi aiki yawa. Irving Schott da ɗan'uwansa Jack sun fara da ɗinkin rigunan ruwa a New York a 1913. A 1928 Irving ya fitar da gajeriyar rigar fata mai zif, ya sa mata sunan wata naɗaɗɗiyar taba da yake sha, Perfecto, aka fara sayar da ita dala 5.50 a wurin wani dillalin Harley-Davidson a Long Island. Zif ɗin irin wannan riga a karkace yake, ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya, ƙirji ya samu fata ninki biyu, kuma in an sunkuya ba ya tokare ciki. Dabara ce mai kyau. Bayan fim ɗin The Wild One na 1953, inda Marlon Brando ya fito cikin irinta a kan babur Triumph, baƙar rigar fata ta zama tambarin mai babur a duniya, har wasu makarantun Amurka suka hana ɗalibai sa ta. A Landan samarin da ke taruwa a Ace Cafe suna sayen tasu a shagon Lewis Leathers da ke titin Great Portland a lokacin.

Gaskiyar magana, cikin duk rigunan da ake dangantawa da babur, ita ce ta fi kasawa a sanyi. Fatar saniya ko ta doki tana tare iska, tana jure gogar kwalta fiye da kowace tufa ta zamaninta, amma ba ta riƙe ɗumi. Da ta ɗauki sanyi sai ta miƙa wa jiki. Gajeriya ce, ƙugu a waje. In ruwa ya daɗe a kanta sai ta sha ta yi nauyi, ta kwana biyu ba ta bushe ba. Samarin Ace Cafe sun san haka, shi ya sa hotunansu ke nuna farin gyale naɗe a wuya, da farar safar ulu mai kauri an lanƙwaso ta a bakin takalmi. Safar ma ta masu aikin teku ce.

Fatar da ke da ɗumi ita ce wadda ba a cire wa gashi ba. Leslie Irvin, Ba'amurken da ya yi suna a 1919 da dirowa daga jirgin sama da laimar da mutum ke buɗewa da hannunsa, ya kafa masana'anta a Letchworth ta Ingila a 1926. Da jirage suka fara lulawa sama sosai, inda sanyi ke wuce sifili nesa ba kusa ba, ga ɗakin matuƙi babu abin ɗumamawa, sai ya ɗinka wa sojan saman Birtaniya riga ta buzun tunkiya, gashi a ciki, fata a waje, da babban wuya da ake tayarwa ya rufe kunnuwa. Amurkawa suka yi tasu, B-3, a 1934. Da aka gama yaƙi a 1945 aka zube rarar kayan soja a kasuwa da araha, masu babur suka yi wawaso. Sun samu ɗumi na gaske, sun kuma gano cewa wanda ya ɗinka rigar bai yi ta don dukan ruwan sama ba. Buzu in ya jiƙe, ya zama kaya.

Mai doguwar tafiya yana da wata matsalar da ɗan tsere ko ɗan cikin gari ba shi da ita: yana tafe yanayi na sauyawa. Ranar 11 ga Disamba 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a kan babur Panther mai ƙarfin cc 600, da akwatin gefe da 'yar tirela a baya, suka nufi Cape Town. Sun baro sanyin Turai, suka tsallaka Aljeriya, suka ratsa Sahara ta Tamanrasset zuwa Agadas, suka gangaro ƙasar Hausa ta Kano, ba su isa inda suka nufa ba sai 29 ga Yuli 1935. Duk wanda ya san hamada a watan Janairu ya san abin da ake tararwa: rana ta gasa mutum da azahar, da asuba kuma ruwa na iya daskarewa a duwatsun Hoggar. Riga ɗaya mai kauri ba ta maganin wannan. Sai kayan da za a riƙa ƙarawa ana ragewa, abin da Buzaye da fatake masu bin hanyar da raƙuma suka riga kowa sani, da riga a kan riga da rawani mai rufe baki da hanci.

Masana'antu ba su kama wannan hanya ba sai da zaren roba ya yawaita. An ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont a 1935, kuma zuwa shekarun 1970 rigunan nailan masu shafen roba sun fara korar auduga mai kaki daga shaguna: ba nauyi, ba wari, ga araha. Sai tsohon ciwon Macintosh ya dawo, gumi ya rasa hanyar fita. Maganin rabin matsalar ya fito daga Norway, daga kamfanin Helly Hansen, wanda shi ma wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ne ya kafa shi a 1877. A 1961 suka fitar da tufa mai gashi-gashi ta zaren roba wadda ke riƙe ɗumi ko da ta ɗan jiƙe, a shekarun 1970 kuma suka kawo 'yar ciki da ba ta shan ruwa, sai dai ta tura gumi waje. Daga nan tsarin hawa uku ya kafu a wurin masu hawan duwatsu, masu babur suka kwafa: ta jikin fata mai kore gumi, ta tsakiya mai tara iska, ta waje mai tare iska da ruwa. Singiletin auduga, wadda ke shan gumi ta riƙe shi a kan fata, ita aka fara sallama. Thinsulate na kamfanin 3M, da ya shigo kasuwa a 1979, ya sa shafin tsakiya ya rage kauri.

Ɗaya rabin kuwa haushi ne ya kawo shi. A 1969 Bob Gore, ɗan masu wani kamfanin rufin wayar lantarki a jihar Delaware, yana ta ƙoƙarin miƙar da sandunan wata roba mai suna PTFE, irin wadda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama. Yakan gasa sandar, ya ja a hankali, ta karye. Da abin ya ishe shi sai ya fizgi ɗaya da ƙarfi, maimakon ta tsinke sai ta miƙe kusan ninki goma. Abin da ya fito roba ce mai cike da ƙofofin da ido ba ya gani, sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta ƙwarai, amma tururin gumi na wucewa ta cikinsu. A 1976 aka fara sayar da tufar Gore-Tex, a tantuna da rigunan masu yawon daji. Na farkon suna yoyo ta kafar allura, sai da aka koyi liƙe bayan kowane ɗinki da tef mai zafi.

Cikin waɗanda suka fara tara aron nan wuri guda suka yi wa mai babur ɗinki na kansa akwai Andy Goldfine, a garin Duluth na jihar Minnesota, a bakin tafkin Superior, inda sanyi ba wasa ba ne. A 1983 kamfaninsa Aerostich ya fitar da Roadcrafter: nailan mai kauri na Cordura a waje, Gore-Tex manne a bayansa, matashi a kafaɗa da gwiwoyi, da dogayen zif biyu da ke ba mutum damar zura shi a kan kayan ofis cikin 'yan daƙiƙoƙi. A Turai kamfanoni irin su Rukka na ƙasar Finland sun yi suna a wannan fanni. Gardamar da ta rage har yau tsakanin masu doguwar tafiya ita ce inda ya kamata fallen hana ruwan ya zauna. In an rataye shi a ciki a matsayin shafi, rigar ta fi araha da laushi, amma tufar waje na shan ruwa ta yi nauyi, iska kuma ta bi ta kanta ta riƙa sanyaya jiki. In an manne shi da tufar waje tun daga masana'anta, ruwa ba ya samun wurin zama, rigar ta bushe da wuri, sai dai tauri da tsada. Wanda zai wuni cikin ruwan sanyi, ta biyun ce tasa. Wanda ruwa ke tarar da shi jefi-jefi, asarar kuɗi zai yi.

Duk waɗannan riguna tsare ɗumi suke yi, ba sa haifar da shi, kuma wanda ya yi awa huɗu zaune cikin iska ɗumin nasa ƙarewa yake. Sojan sama sun san wannan tun tuni: ma'aikatan jiragen Amurka masu jefa bama-bamai a yaƙi na biyu suna sa kaya masu siraran wayoyi a ciki, a jona da lantarkin jirgi. A tsakiyar shekarun 1970 Gordon Gerbing, mai wata 'yar masana'antar sassan jirgin sama a yankin Seattle, ya ga ma'aikatansa na isowa aiki a kan babur suna karkarwa, ya shiga ɗinka waya a cikin riga yana jonawa da batirin babur. Irin wannan 'yar ciki takan ja wuta kwatankwacin tsohon ƙwan fitila mai wat 60 zuwa 100. Babban babur ko a jikinsa. Ƙaramin mai cc 100 ko 125 kuwa, wutar da yake samarwa ba ta wuce ta fitila da cajin batir ba sai kaɗan. Ranar da waya ta tsinke a tsakiyar daji kuma, mutum ya koma ga suwaitarsa.

Irin waɗannan ƙananan babura su ne suka cika hanyoyin ƙasar Hausa, kuma sanyin da mahayansu ke sha na gaske ne, ko da babu ƙanƙara. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da asuba, ma'auni kan sauko tsakanin digiri 10 da 14 a Kano ko Damagaram, a Jos mai tudun mita 1,200 kuma har ƙasa da haka. A ɗora wancan lissafin na sanyin iska a kai, a ga abin da ɗan acaba ko mai kai kayan gwari kasuwa ke ji a ƙirji. Sai dai ɗarin hunturu busasshe ne, don haka kuɗin da Bature ke zubawa a kan hana ruwa ba dole ba ne a nan. Abin nema shi ne tufar da jaura ba ta ratsawa, da wuya mai rufuwa, da bakin hannu mai tsukewa, sannan suwaita a ƙasa wadda za a cire in hantsi ya dubi ludayi. Galibi a gwanjo ake samunsu, a kasuwanni irin Ƙofar Wambai, inda rigar da aka ɗinka don masu wasan zamiya a kan ƙanƙara a Turai ke ƙarewa a jikin mai babur ƙirar Boxer. Tana maganin ɗari sarai. Ba ta maganin kwalta: siririn nailan ɗinta yagewa yake, har ya narke, a faɗuwar farko.

Kariya daga faɗuwa ita ce kusan abu ɗaya da masu babur suka ƙirƙira da kansu, kuma daga filin tsere ta fito. Kamfanin Dainese na Italiya, wanda Lino Dainese ya kafa a 1972, ya yi wa ɗan tseren Ingila Barry Sheene garkuwar baya a ƙarshen shekarun 1970, daga nan ta bazu. A 1997 Turai ta kafa ƙa'idar gwajin matasan kafaɗa da gwiwa, a 2020 kuma ta fitar da EN 17092, wadda ke auna rigar gaba ɗaya: yadda take jure goga, yadda take yagewa, da ƙarfin ɗinkinta. Sakamakon ana ɗinka shi a wani ɗan ƙyalle a cikin rigar, da hoton mutum a kan babur da haruffa, AAA ga mafi ƙarfi, sai AA, sai A. Haruffan nan ba su ce komai a kan ɗumi ba. Wannan har yanzu mai saye ne ke gwada shi da kansa: ya sa suwaitar da zai yi tafiya da ita, ya zura rigar a kai, ya hau babur ya miƙa hannu ya kama kansa, sannan ya duba ko wuyan hannu ya fito, ko baya ya buɗe, ko akwai kafa a maƙogwaro. In rigar ta matse, ta matse iskar da ke riƙe ɗumi. In ta yi yawa, iska za ta riƙa bugawa a ciki tana fitar da shi, matashin gwiwar hannu kuma ya goce daga inda aka sa shi ranar da aka faɗi.